Taƙaddama kan lissafin sa'o'in matuƙa jiragen sama

A duk lokacin da matuƙin jirgin sama ya je neman aiki a wani kamfanin sufurin fasinja, abu na farko da akan nema a hannunsa shi ne kundin da yake rubuta sa'o'in tuƙinsa.

A cikin wannan kundi ne ake ganin ranar da ya tashi, da irin jirgin da ya tuƙa, da inda ya sauka, da tsawon lokacin da ya yi yana tuƙi.

Sai dai akwai wani gurbi a kundin da ke yawan jefa masu neman aiki cikin matsala, wato na sa'o'in da suka yi a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi.

Ita dai wannan na'ura ɗaki ce da aka ƙera tamkar gaban jirgi. Mafi inganci daga cikinta tana karkata tana girgiza, ta kuma nuna wa matuƙi filin sauka da hadari kamar gaske, alhali ba ta ɗaga daga ƙasa ba.

Abin da doka ta ce

A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta fayyace cewa lokacin tashi yana farawa ne sa'ad da jirgi ya motsa da ƙarfin injinsa da niyyar tashi, ya kuma ƙare idan ya tsaya bayan sauka.

Bisa wannan ma'ana, zaman da aka yi a na'urar kwaikwayo ba lokacin tashi ba ne. Akan rubuta shi a gurbinsa na daban, tare da irin na'urar, da wurin da take, da sa hannun malamin da ya ba da horon.

Haka abin yake a Turai, inda kundin matuƙa ke da shafi na musamman domin wannan horo.

Duk da haka doka ba ta yi watsi da na'urar ba. Daga cikin sa'o'i 1,500 da ake buƙata kafin samun babban lasisin tuƙa jiragen fasinja, an amince a lissafa har 100 daga na'ura. A Amurka sharaɗin shi ne a yi su a tsarin horon da hukuma ta amince da shi.

Daga nan ne ruɗanin ke tasowa. Wasu matuƙa kan haɗa waɗannan sa'o'i cikin jimlar tashinsu, yayin da kamfanoni da dama ke tambayar lokacin da aka yi a cikin jirgi na gaske kawai. Idan alƙaluman takardar neman aiki suka saɓa wa na kundi, mai neman aikin ne zai sha tambayoyi.

Asalin tsananin

Tsananta bincike a Amurka ya samo asali ne daga hatsarin jirgin kamfanin Colgan Air a kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairun 2009, inda mutane 50 suka rasa rayukansu.

Masu bincike sun gano cewa babban matuƙin ya ɗauki matakin da bai dace ba lokacin da gudun jirgin ya ragu sosai. An kuma gano cewa ya taɓa faɗuwa gwaje-gwajen tuƙi, kuma bai bayyana wa kamfanin dukkansu ba lokacin da yake neman aiki.

A 2010 majalisar dokokin ƙasar ta kafa sabuwar doka, kuma daga 2013 aka wajabta wa mataimakan matuƙa su mallaki babban lasisin, maimakon sa'o'i 250 da suka wadatar a da. An sassauta wa tsoffin sojoji zuwa 750, da waɗanda suka yi digirin fannin a jami'o'in da aka amince da su zuwa 1,000.

An kuma kafa rumbun ajiye bayanan matuƙa, wanda dole kamfani ya duba kafin ya ɗauki mutum aiki.

Matsalar ba ta tsaya ga Amurka ba. A 2010 hukumomin China sun bayyana cewa matuƙa fiye da 200 sun yi ƙarya a bayanan ƙwarewarsu.

Shin sa'a ɗaya ce?

Bayan batun gurbi da shafi, akwai babbar tambaya: shin sa'a ɗaya a na'ura daidai take da sa'a ɗaya a sama?

Masu goyon bayan na'urar, ciki har da ƙananan kamfanonin da ke kukan ƙarancin matuƙa, na cewa a cikinta ne ake koyon abin yi idan inji ya mutu ko wuta ta tashi. Suna kuma nuni da cewa duka matuƙan Colgan biyu sun haura sa'o'i 1,500.

Su kuwa ƙungiyoyin matuƙa da iyalan mamatan na cewa wanda ke cikin na'ura ya san ba zai mutu ba, don haka ba ya ɗanɗana nauyin yanke shawara a lokacin da rai ke cikin haɗari.

A 2023 majalisar wakilan Amurka ta yi watsi da yunƙurin ƙara sa'o'i 150 na na'ura cikin lissafin, kuma dokar da aka sanya wa hannu a watan Mayun 2024 ba ta rage sa'o'i 1,500 ɗin ba.

Abin lura shi ne, da zarar an ɗauki matuƙi aiki, yawanci a na'urar ce zai koyi sabon jirgin, har ta kai tashinsa na farko ya kasance da fasinjoji, ƙarƙashin kulawar ƙwararren matuƙi.

Ke nan kamfanoni ba raina na'urar suke yi ba. Abin da masu ɗaukar aiki ke aunawa a kundin shi ne gaskiyar mai shi, domin wanda ya ƙara sa'a goma a takarda, da wuya a damƙa masa amanar rayukan ɗaruruwan fasinjoji.