"Ai Iri Ɗaya Ne": Maganar Da Ke Ƙona Injin Tsofaffin Motoci

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. In tsohuwar mota kake hawa, sensan zafin injinta ya mutu, kada ka bari wani ya zaɓa maka sabo da ido. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, za a ɗauko wani a jera da naka, a ce maka "Alhaji, ai iri ɗaya ne, tunda ya ɗauru shi ke nan." To ba shi ke nan ba! Kama da wane ba ta wane.

Sensan nan shi ne yake gaya wa kwamfutar mota yadda ruwan inji ya yi zafi. Ƙarfin turjiyarsa ga lantarki yana raguwa yayin da ruwan ke ƙara zafi. A motoci da yawa kusan ohm 2,500 ne a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Amma ba kowane kamfani ke bin wannan ma'aunin ba. In ka ɗaura wanda lissafinsa daban ne, inji yana tafasa, kwamfuta tana zaton da sauran sanyi. Sai ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, fanka ta makara, gaskit ya ƙone. Ka ga ka tsira da kuɗin sensa, ka biya kuɗin buɗe inji.

Za ka ji wani ya ce, "a haɗa fanka darek kawai." Wannan rufe ciwo ne da riga. Fanka za ta yi ta juyawa, amma kwamfuta na nan tana karɓar labarin ƙarya, man ka na tafiya a banza.

Ga abin da za ka yi, kuma wayarka ta ishe ka:

1. Ka san wanne ya mutu. Tsofaffin motoci da yawa biyu gare su: mai waya ɗaya na allurar dashbod, mai waya biyu na kwamfuta. A Toyota, lambar na kwamfuta tana farawa da 89422, ta na allura kuma da 83420.

2. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon, da soket ɗinsa, da lambar chasis mai haruffa da lambobi 17. Ka bincika a intanet, ka je kasuwa da lamba, ba da "na Corolla" ba.

3. Ka sami sikanar ELM327, ka haɗa da manhajar Torque ta Bluetooth. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da wannan kafar. Lambobin P0115 zuwa P0119 na layin sensan ne, kuma wani lokaci waya ce ta tsinke, sensan lafiyarsa lau.

4. Bayan an ɗaura, ka duba da safe kafin ka tayar da mota. Zafin da waya ta nuna ya zama kusa da na gari. In an yi tafiya kuma, ya tsaya wajen digiri 85 zuwa 95.

Kuma don Allah kada a kwance sensa inji yana da zafi, ruwan zai ƙona mutum.

Ba kowane mai shago ne macuci ba, da yawa su ma ido suke bi. Amma motar taka ce, aljihun naka ne. Wanda ya ce maka iri ɗaya ne, ka ce ya nuna maka lamba.

Ka tura wa ɗan'uwanka mai tsohuwar mota.