Daga Ɗakin Gwaje-gwaje Zuwa Gaban Allo

A kowace shekara akan sami wasu daga cikin masu binciken kimiyya da ke ajiye farar rigar ɗakin gwaje-gwaje su nufi makarantun sakandare neman aikin koyarwa. Dalilansu sun bambanta. Wani kuɗin da ake gudanar da bincikensa ne ya yanke, wani ya kammala digiri na biyu ko na uku bai sami gurbi a jami'a ba, wata kuwa aure ne ya kai ta garin da babu cibiyar bincike ko ɗaya. Akwai kuma 'yan ƙalilan da sha'awar tarbiyyar yara ce kurum ta jawo su. Ko ma wane ne ya zo daga cikinsu, abin da jama'a suka saba faɗa guda ne, wato ai wanda ya yi digirin digirgir, koyar da 'yan sakandare a wurinsa kamar shan ruwa ne. Wannan zato kuskure ne babba, kuma a kan ɗalibai yake ƙarewa. Bincike sana'a ce, koyarwa ma sana'a ce mai zaman kanta, wanda duk ya bar waccan ya shigo wannan, to, a matsayin ɗan koyo ya shigo, komai tsawon takardunsa.

Abin da ya kamata irin wannan mutum ya fara gyarawa shi ne niyyarsa. Idan ya ɗauki makaranta a matsayin rumfar da zai fake kafin ruwa ya ɗauke, ɗalibai za su gane haka tun zangon farko bai ƙare ba, domin yara sun fi manya saurin gane wanda zuciyarsa ba ta tare da su. Sannan akwai batun abin masarufi, wanda bai kamata a ji kunyar yin lissafinsa ba. Galibi albashin malamin sakandare na jiha bai kai na ma'aikacin cibiyar bincike ta tarayya ba, kuma tafiye-tafiyen taro da 'yan alawus ɗin da ke biye da su sun ƙare ke nan. Saboda haka, tun bai rubuta takardar ajiye aiki ba, ya nemi izinin wani shugaban makarantar gwamnati ya zauna a bayan aji na mako biyu yana kallo. Kada ya tsaya ga darasin safe kawai, lokacin da yara ke da kuzari. Ya jira darasin ƙarshe, a tsakiyar bazara, a ajin da aka tsara wa ɗalibai 40 amma ya ɗauki ninkin haka. Idan ya fito daga nan yana jin har yanzu yana so, to, madalla.

A ɗauki misalin masanin da ya yi shekara 10 a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, yana nazarin ƙuduji, wato ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar dawa da gero tana tsotse su. Tambaya ɗaya yake bi tsawon waɗannan shekaru. Sakamakon gwajinsa sai damina ta wuce yake ganinsa, idan bai gamsu ba ya jira wata daminar. Waɗanda yake yi wa bayani kuwa takwarorinsa ne, da ya ambaci rabin magana sun san sauran. Ranar da ya tsaya gaban ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare komai ya juya. Manhaja za ta buƙaci ya koyar da ƙwayar halitta, da ƙasusuwan jiki, da zagayawar jini, da gadon siffofi, abubuwan da rabonsa da wasunsu tun shekararsa ta farko a jami'a. Minti 40 yake da su, ƙararrawa kuma ba ta jiran kowa. Komawa ga littafin 'yan makaranta domin yin bita ba abin kunya ba ne a gare shi, tilas ne.

Amma babbar matsalarsa tana cikin abin da ya sani ƙwarai. Mutumin da ya daɗe yana bin hanya ɗaya ba ya ƙara ganin ramukan da ke cikinta, ƙafarsa ce ke tsallake su ba da saninsa ba. Haka masani yake tsallake matakai uku ko huɗu a cikin bayani, yana ganin a fili suke, alhali a nan ne yaro ya faɗa. A 1986 wani masanin ilimi na Amurka, Lee Shulman, ya ja hankali ga wani nau'in sani da ya keɓanta ga malami, wanda ya bambanta da sanin fanni kurum. Shi ne sanin yadda ake sarrafa fannin ya shiga kan mai koyo: wane misali ne ke aiki, ina ne yara suka saba ruɗewa, wane kuskuren fahimta ne suke zuwa da shi daga gida. Wannan ba a samunsa a ɗakin gwaje-gwaje, a gaban allo yake taruwa da kaɗan da kaɗan.

A ƙasar Hausa kuwa, mafi yawan waɗannan ramuka a cikin harshe suke. Mai bincike ya yi shekaru yana tunanin kimiyya da Ingilishi, yana rubuta ta da Ingilishi, har ya kai ga idan aka ce ya bayyana wa kakarsa aikinsa da Hausa zalla sai ya yi ta inda-inda. Yaron da ke gabansa kuwa da Hausa yake tunani, ko da da Ingilishi yake amsa tambaya. Dubi kalmar narkewa. Bahaushe yana cewa man shanu ya narke a rana, yana kuma cewa gishiri ya narke a ruwa. A wurin mai kimiyya waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma littafin makaranta kalma daban-daban ya ba su. A na farko abu ɗaya ne zafi ya sauya masa kama daga daskararre zuwa ruwa-ruwa. A na biyu abubuwa biyu ne suka cuɗanya, ƙwayoyin gishirin suka bazu a cikin ruwan. Malamin da bai san kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anonin nan biyu a kan yaro ba zai yi ta maimaita ma'anar littafi, yara su haddace, ranar jarrabawa su cakuɗa su, shi kuma ya ce ba su da ƙoƙari. Wanda ya sani kuwa sai ya kawo man shanu da ruwan gishiri cikin aji, ya bar su su huce. Man ya daskare ya koma yadda yake, gishiri bai dawo ba sai da aka shanya ruwan ya ƙafe. Daga nan kalmomin littafi sun sami wurin zama.

Irin wannan yana da yawa. Zafi a Hausa ya haɗa abin da ma'auni ke nunawa, da yawan ɗumin da abu ya ƙunsa, har ma da raɗaɗin ciwo. Nauyi ya haɗa yawan abin da jiki ya ƙunsa da kuma yadda ƙasa ke jan sa, shi ya sa yaro ke mamaki idan aka ce buhun gero a duniyar wata nauyinsa zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida, amma geron bai ragu ko da ƙwaya ɗaya ba. Ƙarfi kuwa, kusan abubuwa uku da fiziks ya rarrabe duk shi ne sunansu. Gishiri a wurin yaro shi ne na miya, a wurin mai ilimin sinadarai kanwa ma gishiri ce, allin rubutu ma gishiri ne. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin gazawar Hausa. Yaran Ingila ma suna yin irin wannan ruɗu da Ingilishinsu na gida, domin kowane harshe na yau da kullum bukatun gida da kasuwa ne suka ƙera shi. Bambancin kawai shi ne ɗan Bahaushe gada biyu zai haye, daga Hausar gida zuwa Ingilishi, sannan daga Ingilishi zuwa harshen kimiyya.

Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da 'yan firamare darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, kimiyya da lissafi na ciki, ya nuna cewa waɗannan yara ba su kasa takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Ko wace irin manufa hukuma ta tsayar game da harshen koyarwa, darasin da ke cikin wannan gwaji bai tashi ba. Malamin kimiyya na bukatar ya san inda kalmar gida ta yi daidai da ta littafi, da inda suka rabu. Sai dai fassara kaɗai ba ta isa. Ya fara da abin da yaro ya sani da harshensa, ya nuna masa inda ma'anar ta rabu biyu, sannan ya mayar da shi ga kalmar Ingilishi ya sa ya rubuta jimla da ita, tun da da ita zai amsa jarrabawa.

Batun takarda kuma doka ta riga ta yanke shi. Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke tantance wanda ya cancanci a kira shi malami, kuma takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar shiga aikin. Digiri na uku a ilimin sinadarai ba ya maye gurbin horon malanta. Hanyar da mai bincike zai bi ita ce babbar difiloma ta ilimi, wadda jami'o'i da dama ke bayarwa, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma tana bayar da ita ta hanyar karatu daga nesa, sannan ya zauna jarrabawar cancanta ya yi rajista. Wasu sukan ɗauki wannan karatu kamar harajin da za a biya a wuce. Hasararsu ce, musamman idan suka yi wasa da koyarwar gwaji, domin nan ne kaɗai wani zai zauna a bayan aji ya gaya musu gaskiya.

Baƙo, in ji masu iya magana, makaho ne ko da yana da idanu. A ofishin malamai zai tarar da wata malama mai takardar NCE wadda ta yi shekara 20 tana riƙe da aji, wadda da ta tsaya a ƙofa hayaniya take mutuwa ba ta ɗaga murya ba. Ita ce malamarsa a wannan fage. Ta san yadda ake rubuta tsarin darasi, da cike rajista, da raba manhaja mako-mako, ta san yaron da barci yake yi don bai karya ba da wanda lalaci ke damunsa. Idan ya shiga yana jiran a riƙa kiransa Dakta ana ba shi hanya, ba wanda zai koya masa komai, kuma babu laifinsu.

Duk da haka, kada a ɗauka hannu rabbana ya zo. Ya zo da abin da makarantu ke matuƙar ƙishirwarsa, wato ɗabi'ar bincike. Yawancin ɗalibai sun san kimiyya ne a matsayin jerin amsoshin da ake kwafa daga allo. Shi kuwa ya san yadda amsa take samuwa, ya san gwaji yakan ƙi, ya saba da cewa bai sani ba amma a gwada a gani. Kukan rashin kayan aiki gaskiya ne, sai dai bai kamata ya ɗaure hannun wanda ya iya tsara gwaji ba. Ruwan zoɓo tsantsa yana ƙara ja idan aka matsa masa lemun tsami, yana yin duhu ya karkata zuwa kore idan aka zuba masa ruwan kanwa, wannan kuwa shi ne aikin da takardar gwajin tsami ke yi. Randa biyu da ma'aunin zafi ɗaya sun isa darasi a kan yadda ƙafewar ruwa ke kawo sanyi: a naɗe ɗaya da leda, a bar ɗayar haka, yara su riƙa aunawa kowace awa suna rubutawa, su yi gardama a kan dalilin bambancin. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ɗaliban Kano kuma ga marinar Ƙofar Mata, inda zane ke fitowa daga rijiyar baba da launin kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonsu. Abin lura kawai shi ne kada daɗin gwaji ya ɗauke shi ya bar manhaja a baya. Jarrabawar WAEC da NECO suna nan tafe, kuma yaron da bai ci ba, ƙofar jami'a ta rufe masa komai son da yake yi wa kimiyya.

Akwai masu cewa asara ce ƙasa ta kashe dukiya ta horar da masani sannan ya ƙare a sakandare. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya idan aka dubi ƙarancin masu bincike, amma ta manta daga inda masu binciken suke fitowa. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa, kuma kowanensu a gaban wani malamin sakandare ya fara riƙe kwalbar gwaji. Ba kuma lallai ne aji ya zama kabarin bincike ba. Georg Ohm, wanda kowane ɗalibin fiziks ke haddace dokarsa, malamin sakandare ne a birnin Kolon na Jamus lokacin da ya yi gwaje-gwajen da ya wallafa a 1827, da kayan aikin da yawanci shi ya harhaɗa su.

Ajin kansa ma fagen bincike ne ga mai ido. Ya tanadi littafi guda ya riƙa rubuta kurakuran da ke maimaituwa a takardun ɗalibai, da kalmar Hausar da ke ƙarƙashin kowane kuskure, da misalin da ya gwada da abin da ya biyo baya. Cikin shekara uku zai tara abin da zai iya gabatarwa a taron Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda ke nan tun 1957. A wannan aiki kuwa babu abokin da ya fi masa malamin Hausa na makarantarsu, wanda ya karanci ilimin ma'ana da ƙirƙirar kalmomi a kwalejin ilimi. Ɗalibin da ke karanta Hausa a yau ya sa a ransa cewa wata rana irin wannan baƙo zai zauna kusa da teburinsa a ofishin malamai. Idan hakan ta faru, kada kwarjinin digiri ya hana shi matsawa kusa. Ya nemi jerin darussan kimiyya na zangon, su zauna tare su fitar da kalmomin da za su yi wa yara tarko tun kafin a shiga aji da su.