Sharhi: Daga Kasuwa Zuwa Dajin Kakum



Iyayenmu sun san tafiyar fatauci, sun san ta neman ilimi, da ta aikin hajji, da ta sada zumunci, kuma kowace daga cikinsu tana da hujjar da mutum zai kafa idan aka tambaye shi dalilin barin gida. Amma tafiyar da zamani ya kawo, wadda mutum zai cika mota da mai, ya ɗebi iyalinsa, ya kama hanya alhali ba kaya zai kai ba, ba bashi zai karɓo ba, don kurum ya ga ƙasar Allah, har gobe akwai dattawan da ke ɗaukar ta almubazzaranci. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin sau da yawa abin da matafiyin yake komowa da shi bai wuce hotuna da gajiya ba. Sai dai malamai sun bambanta kallo da i'itibari, kuma akwai wata hanya a gefen tekun ƙasar Gana wadda, in Bahaushe ya bi ta da natsuwa, da wuya ya komo yadda ya tafi.

Hanyar tana tashi daga Akra, wadda mutanenmu na can suke ce wa Ankara, ta miƙe yamma. Kuma tun kafin birnin ya ɓace a bayanka za ka faɗa cikin cunkoson wani gari da ake rubuta sunansa Kasoa, wanda ba kome ba ne illa kalmarmu ta kasuwa da ta canza riga a bakin wasu. A bakin titi ana sayar da koko da ƙosai, ana sayar da shinkafa da wake, wadda duk ƙasar ke kira da sunan da aka aro daga waken namu. Saboda haka mai cewa ya zo baƙunta a nan ya sassauta da'awarsa. Daga Akra zuwa Kep Kos kimanin kilomita 150 ne, watau an wuce masafar ƙasaru, musafiri yana da rangwamen salla, ko da yake a yawancin garuruwan da zai ratsa akwai zango, akwai masallaci, akwai wanda zai amsa masa sallama da harshensa.

Bayan mararrabar Winneba, da Apam, da Mankesim, hanya takan matso kusa da ruwa wajen Anomabo, sai ka ga Baharul Muhiɗi ya bayyana ta tsakanin itatuwan kwakwa, yana tafasa ba wuta, yana jifan gaɓa ba dare ba rana. Wanda iyakar saninsa da ruwa Kwara ce ko tafkin Cadi, ya kamata a tsaya masa a nan, a ƙyale shi ya yi shiru. Masuntan Fanti suna jan taru da waƙa, jiragensu na itace sun sha fenti da rubuce-rubuce, mata suna banda kifi har hayaƙi ya rufe unguwa; ran Talata kuwa, bisa al'adar da suka gada, ba a shiga teku, sai ɗinkin taru da gyaran jirgi.

To, a nan ne fa nishaɗi yake fara gamuwa da abin da ya fi shi nauyi. Nan da can a wannan gaɓa za ka ga tudu mai kallon teku yana ɗauke da wani farin gini mai kauri, da bakunan igwa suna leƙowa daga bisansa, kuma tun 1979 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya. Mafi tsufansu shi ne na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482 saboda zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A cikinsa aka tsare Sarkin Asante Prempe na Ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasarsa. Na Kep Kos kuwa mutanen Siwidin ne suka aza harsashinsa a 1653, Ingilishi suka karɓe shi a 1664, garin ya zama mazaunin mulkinsu har 1877 da suka ƙaura zuwa Akra. Ciniki ya fara da zinariya, ya ƙare da 'yan Adam.

Mai ja-gora zai sauka da kai cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa, inda haske ba ya shiga sai ta wata 'yar kafa can bisa, inda ake cusa ɗaruruwan mutane makonni suna jiran jirgi, suna kwana inda suke bayan gida. Sa'an nan ya ɗaga hannu ya nuna maka cewa daidai bisa kan wannan rami aka yi ɗakin ibada, inda masu gidan suke taruwa suna roƙon rahamar Ubangiji. Ban taɓa ganin tafsirin gafala da ya kai wannan ba. Daga nan sai ƙofar da ake kira wadda ba a komowa, wadda a Elmina ƙuncinta bai wuce mutum ɗaya ya ratsa a karkace ba, bayanta sai ruwa. Jikokin waɗanda suka fita ta nan suna zuwa daga Amurka da tsibiran Karebiyan, shugaba Obama ma ya zo Kep Kos a 2009, kuma za ka ga furannin da suka ajiye a jikin bango.

Abin da nake so mai sauraro ya tsaya a kansa shi ne wannan. Yana da sauƙi Bahaushe ya tsaya a wannan ƙofa ya la'anci Bature, ya share hawaye, ya koma mota yana jin ba ruwansa. Amma idan ya bi hanyar Kumasi kaɗan zuwa Asin Manso, inda akwai rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a gangara da su teku, ya tambayi daga ina aka koro su, za a nuna masa arewa, za a ambaci Salaga. Salaga kuwa ita ce babbar kasuwar Gwanja a da, inda ayarin fatakenmu suke sauke jakuna bayan tafiyar watanni daga Kano da Katsina, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su ɗauki goro. Kuma a wannan kasuwa ɗin, ban da goro, ana cinikin mutane. Hanyar da ta kai malamai da littattafai Gwanja, wadda ta kai irin su Alhaji Umaru na Salaga da ya rasu a Kete Karachi a 1934, ita ce kuma ta ga sarƙa a wuyan bayin Allah. Akwai namu cikin masu saye da sayarwa, akwai namu cikin waɗanda aka sayar. Adalci ya hukunta a faɗi duka biyun, tun da shaidar da ta ɓoye rabi ba a karɓar ta ko a gaban alƙalin ƙauye.

Daga Kep Kos, tafiyar kilomita talatin ko kusa da haka zuwa arewa, sai dajin Kakum, wanda aka keɓe tun 1931, aka mai da shi gandun ƙasa a 1992, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 375. Wanda ya saba da Yankari, inda ake zama cikin mota a hangi dabba daga nesa, ya ajiye wannan tsammani a ƙofa, gama Kakum kurmi ne, rana ba ta isa ƙasa sai a tsattsage, giwayen da ke ciki kuwa ana iya shekara ba a gan su ba, sai manoman koko na kewaye ne suka san da zamansu, saboda ɓarnar da sukan yi musu a gona. Abin da ke jawo jama'a shi ne gadojin igiya guda bakwai da aka buɗe a 1995, an rataye su daga kan wannan itace zuwa wancan, tsawonsu gaba ɗaya kusan mita 350, tsakaninsu da ƙasa wajen mita talatin, faɗin abin takawa bai wuce katako ɗaya ba, da raga hagu da dama. Na ga ƙato mai babbar riga, wanda a ƙasa muryarsa ta cika wuri, ya kai tsakiyar gada ya kama salati ba ƙaƙƙautawa, 'yan makaranta na bayansa suna dariya. Amma in tsoro ya lafa, mutum ya dubi rimi da sauran itatuwan da suka yi shekaru aru-aru a tsaye, ya ji kukan tsuntsayen da bai san sunansu ba, sai ya tuna cewa irin wannan ƙasa ce take haifar goron da yake ci tun yana saurayi bai taɓa ganin itacensa ba, ya kuma lura cewa abin da ya rage na kurmin tsibiri ne kawai a tsakiyar gonaki.

Mai sauran guzuri yana iya zarcewa yamma, ya ga tashar jiragen ruwa ta Takoradi da aka buɗe a 1928, ya wuce Aksim, ya shiga kwalekwale zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka kafa bisa turaku a kan ruwa. Amma kada ya haɗa Elmina da Kakum da Nzulezu a wuni ɗaya, kamar yadda masu haya suke kwaɗaitarwa, domin gaggawa ce ke mai da ziyara ta zama ƙidayar wurare.

Kirana ga malaman makarantun zango na Akra da Kumasi, da sarakunan Hausawa na can, shi ne su riƙa haɗa kuɗin mota sau ɗaya a shekara su kai yara wannan hanya, su kuma tafi da wani dattijo da ya san labarin Salaga, ya ba su shi da Hausa a bakin ƙofar nan ta Elmina.