Gobarar cocin Imbaba: darasi kan tsofaffin wayoyin lantarki

Idan za a iya tunawa, ranar Lahadi 14 ga Agusta, 2022, gobara ta tashi a cocin Abu Sefein da ke unguwar Imbaba a Giza ta ƙasar Masar, ana tsakiyar ibadar safe. Mutane 41 suka rasu, ciki har da yara da dama da limamin cocin. Ma'aikatar cikin gida ta Masar ta ce wutar ta faro ne daga na'urar sanyaya ɗaki a bene, yayin da wasu ganau suka ce an ɗauke wuta, aka tayar da janareta, da wutar ta dawo sai wayoyi suka kama. Akasarin mamatan hayaƙi da turmutsutsu ne suka kashe su, domin ginin mai hawa huɗu ne a cikin lungu, hanyar fita kuma ƙunci gare ta.

Abin da ya sa muka waiwayi wannan lamari shi ne, matsalar tsohon gini ɗaya ce ko'ina. Cocin da aka ja wa waya shekaru 50 da suka wuce, an ja ta ne domin ƙwan fitila da fanka kaɗan. Yau an ɗora mata na'urorin sanyaya ɗaki, lasifika, firji da kayan kiɗa, alhali wayar tana nan yadda take. Waya kuwa kamar jaki ce, akwai iyakar kayan da take ɗauka. In lodi ya yi mata yawa sai ta yi zafi, robar jikinta ta bushe ta tsattsage, ɓera da yoyon rufi su ƙarasa aikin.

To, yaya ake gane lafiyar wayoyin irin wannan gini? Da farko ƙwararren mai aikin lantarki zai lissafa duk abin da ke jan wuta, ya gwada da kaurin wayar. A bisa al'ada waya mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket ce, na'urar sanyaya ɗaki kuma layinta daban ake ja mata. Na biyu, zai buɗe akwatin fis. Sau da yawa akan tarar an cire fis an naɗa wayar tagulla mai kauri a madadinsa don kada wuta ta riƙa yankewa. Wannan shi ne babban haɗari, domin fis an yi shi ne ya ƙone kafin gini ya ƙone. Na uku, zai auna robar wayoyin da ke cikin bango da silin da na'urar awo, tunda ido ba ya ganinsu, ya kuma tabbatar da wayar ƙasa tana aiki. Na huɗu, zai duba makunnin da ke raba wutar janareta da ta gari, yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. A Ingila, inda tsofaffin coci-coci suke da yawa, ƙa'idarsu ita ce a binciki ginin duk bayan shekara 5.

Akwai kuma alamun da kowa zai iya gani ba sai injiniya ba: soket mai ɗumi ko wanda ya yi baƙi, warin roba, fitila mai lumshewa in an kunna babbar na'ura, da wayoyin da aka haɗa da salatif.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu 'yan kasuwa mun san ɗacin gobara: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, kasuwar Sabon Gari ta Kano kuma ta yi asarar dubban shaguna a 2016. Yawancin rumfunanmu da masallatan kasuwa suna da irin ciwon da muka zayyana: waya ɗaya maƙwabta goma, janareta a bakin ƙofa, ga jarkokin fetur da dilolin atamfa a gefe. Sannan mu ne ke sayar da waya da soket a kan iyaka. Wanda ya sayar da wayar da aka rage wa tagulla, ya sani cewa wani gida ko wurin ibada za a kai ta.

Shawararmu ga shugabannin coci-coci, masallatai da ƙungiyoyin kasuwa ita ce, su ware kuɗin binciken wayoyi kafin na fenti da tayil, su kashe babban makunni kowane dare, su kuma bar ƙofofin fita a buɗe duk lokacin da jama'a ke ciki. Kuɗin mai awo bai kai na dila ɗaya ba. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.