Kwale-kwalenmu ya yi kyau, amma ba shi Haɗeja ke buƙata ba

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya ratsa ta bayan wajen aikin katako a zangon da ya wuce ya ga wani abu mai kama da haƙarƙarin saniya a kife bisa benci. Namu ne. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka ce kwale-kwale za mu ƙera a matsayin furojet, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa haɗa ko kujerar tsugunno.

A YouTube na ga salon. Mutanen Kanada da Amurka suna tsaga itacen sida siri-siri, kaurin milimita 6, faɗin kamar santimita 2, su jera a jikin ƙwarangwal suna mannawa da gam ɗaya bayan ɗaya. In jiki ya haɗu sai a goge da samfefa, a lulluɓe ciki da waje da yadin gilashi, a shafe da ifoksi. Jirgi mai mita 5 bai fi kilo 30 ba, mutum ɗaya ya ɗauke shi a ka. Na ce wallahi wannan shi ne maganin ambaliya.

Sida dai ba ya fitowa a ƙasarmu. Muka sayi obece a wajen 'yan katako, tunda shi ma ba nauyi. Muka fara mannawa da hunturu, iska ta busar da katakon, kafin mako biyu tsakanin layuka ya buɗe har kana hango ƙasa. Muka cike da garin zarto da gam. Ifoksi kuwa sai da muka aika Kano, kuɗinsa kaɗai ya fi na katakon gaba ɗaya. Ranar shafawa zafi ya riga ya shigo, na dama da yawa a roba ɗaya don sauri, kafin mu kai rabin jirgi robar ta ɗau zafi ta daskare a hannuna. Daga baya na karanta cewa haka yake yi: in ya taru wuri ɗaya zafin kansa ne ke gaggauta shi. Kuɗin abincina na wata guda ke nan ya zama dutse.

Duk da haka mun gama, ya kuma hau ruwa. Muka kai shi bakin kogi muna ta hoto. Wani dattijo mai fito ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, "Samari, ya yi kyau. Buhu nawa yake ɗauka?" Na ce, "Baba, mutum biyu ne." Ya ce, "To babur fa? In kututture ya huda shi a Guri, wa zai like?" Ban da amsa. Nasa na katako ne mai kauri, gindi a shimfiɗe, ƙusa da kwalta. In ya fashe, kafintan ƙauye zai gyara kafin azahar. Namu gindinsa a zagaye yake, ka miƙe tsaye da gora za ka tura shi cikin kacalla, sai ka tsinci kanka a ruwa. An yi shi ne don mutum biyu masu yawon shaƙatawa a tafki, da filafili, a zaune.

Ra'ayina ke nan, ko da zai ɓata wa abokan aikina rai: mun kashe wata biyar muna amsa tambayar da ba wanda ya yi mana. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Yawancinmu abin da zai burge ranar kare furojet muke nema, a ba mu maki, a jefa shi sito, gara ta ƙarasa.

Alhali ruwan nan a ƙofarmu yake. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya koma bin gonaki da gidaje. Wanda ya ga damunar 2022 ba sai an ba shi labari ba. Ni ma na cika buhunan ƙasa a jinga har dare. Hanyoyi sun yanke a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, mai naƙuda da mai kai kaya kasuwa duk kwale-kwale suka koma. Kuma kusan duk labarin kifewar jirgi da muke ji a rediyo iri ɗaya ne: an cika shi fiye da ƙima, ba rigar ruwa ko ɗaya.

A nan ne karatunmu yake da amfani, kuma lissafin na 'yan ajin farko ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawon mita 5, matsakaicin faɗi santimita 70, duk kilo 350 da ka ɗora masa zai nutse da santimita 10. Manya shida ke nan, kusan. To me zai hana mu auna jiragen da ke mashigai, mu ja wa kowanne jan layi da fenti a inda bai kamata ruwa ya wuce ba? Jarka mai lita 25, in babu komai ciki kuma murfinta a toshe yake, tana ɗaga kusan kilo 25, ta fi rigar ruwa ta gama-gari. A ɗaure shida a ƙarƙashin benci, a zagaya gefen jirgin da igiyar kamawa. Ko ruwa ya cika shi, ba zai tafi ƙasa da mutane ba. Kuɗin ifoksinmu kaɗai da ya yi wa jirage da yawa wannan.

Wani abokina ya ce ai mai fito da kai ake biyansa, fenti ba zai hana shi ƙara fasinja ba. Gaskiya ne, musamman da magariba ranar kasuwa, kowa na son ya isa gida. Amma yanzu fasinja ba shi da abin nunawa in ya ji tsoro, sai a ce masa ya cika raki. In akwai layi, tsohuwa ma za ta iya cewa ruwa ya taɓa ja, ni ku sauke ni. Sarkin ruwa ma ya samu abin kafa hujja.

Ban ce wahalarmu ta tafi a banza ba. Ƙwarangwal ɗin nan da muka zana a takarda muka yanka a filawud, shi ne abin ɗauka a salon Turawan: jirgi goma za su fito awo ɗaya, ka san nauyin da kowanne zai ɗauka tun kafin ya taɓa ruwa. Dattijon nan da ido yake awo, kuma idonsa ya fi tef ɗina, sai dai ba ya rubutuwa. Ya yarda in zo da tef in auna nasa ranar Asabar bayan la'asar, da sharaɗin in taya shi kwalfe ruwa. 'Yan ND I da ba su zaɓi furojet ba tukuna, akwai wurin mutum uku. Ku zo da jarka in kuna da ita.