Gani Ya Kori Ji: Raddi Ga Masu Auna Lasifika Da Farashinta

Hausawa kan ce gani ya kori ji, suna nufin shaidar ido ta fi labari ƙarfi. Akwai fage guda da wannan karin magana ya zama cuta, shi ne fagen manyan lasifikokin gida, dogayen nan da ake tsayarwa biyu a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda wasunsu suka kai tsawon mutum, suka kuma fi shi nauyi. An ƙera su domin kunne, amma ido ne ya ƙwace hukuncinsu. A Turai da Amurka da Japan an gina kasuwa sukutum, da mujallunta da bukukuwan baje kolinta, a kan aƙida ɗaya: wai gwargwadon kuɗin da ka zuba, gwargwadon abin da za ka ji. Wannan aƙida ɓatacciya ce, kuma ya kamata ɗalibin harshe, wanda kunne ne jarinsa, ya san dalili.

Mu fara da farashi, don a san girman abin da ake magana a kai. Kamfanin Wilson Audio na Amurka ya sa wa samfurinsa WAMM Master Chronosonic farashin dalar Amurka 685,000 kowace tagwaye, wato fiye da sefa miliyan 350. Bowers & Wilkins na Ingila yana sayar da Nautilus, mai siffar bawon dodon-koɗi, tun 1993. Focal na Faransa yana da nasa, Grande Utopia. Kuɗin akwatunan ke nan kaɗai. Amfilifaya daban, wayoyi daban. Alhali tushen abin da ke cikin mafi yawansu bai sauya ba tun 1925, shekarar da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana shi: naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu, lantarki ya ratsa naɗin, naɗin ya motsa faranti mai siffar mazurari, farantin ya tura iska, iskar ta isa kunne. Da wannan dabara ƙaramar rediyon mai shayi take magana.

Adalci ya wajaba ko a wurin raddi. Doguwar lasifika tana da amfani na gaskiya. Amo mai kauri, irin na babbar ganga, yana bukatar a motsa iska mai yawa, kuma babban akwati da manyan faranti sun fi iya yin haka ba tare da sautin ya dagule ba. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa abubuwa uku ba sa haɗuwa: ƙanƙantar akwati, zurfin amo, da ƙarancin cin wuta; dole ka saki ɗaya. Haka kuma raba aiki tsakanin faranti uku ko huɗu, wannan ya ɗauki mai kauri, wannan matsakaici, wannan siriri, yana ƙara tsabtar sauti idan an yi lissafin da kyau. Ba a banza ba ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da ke Landan ya shafe shekaru yana aiki da manyan lasifikokin Bowers & Wilkins. Rigimata da masu cewa wannan amfani yana ci gaba da hauhawa tare da farashi har abada, kuma kunnensu na shaida hakan.

Hujja ta farko ta fito daga cikin gidan masu ƙera lasifikar kansu. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman na Amurka, sun gabatar da sakamakon wani gwaji. Sun sa ma'aikatan kamfanin su saurari lasifikoki iri huɗu su ba su maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya kuma an rufe su da labulen da sauti ke ratsawa. Da ido a buɗe, manyan masu tsada suka yi zarra, ƙarama mai araha ta sha ƙasa. Da aka ja labule, tazarar ta ragu, ƙaramar ta ɗaga. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, da aka sauya wa lasifikokin wurin tsayuwa a ɗakin, masu sauraro a bayan labule sun ji bambancin, makinsu ya sauya. Masu kallo kuwa kusan ba su motsa daga ra'ayinsu ba. Ido ya riga ya yanke hukunci, kunne ya zama ɗan rakiya. Ƙwararrun masu sauraro ma ba su tsira ba. Saboda haka duk wanda ya yabi lasifika alhali ya ga ƙyallinta, ya san sunanta, ya kuma ji farashinta, shaidarsa mai rauni ce, ko da bai yi niyyar ƙarya ba.

A batun wayoyi abin ya zama wasan kwaikwayo. A 2007 James Randi, wanda ya shahara da tona asirin masu da'awar abubuwan al'ajabi, ya ce zai ba da dalar Amurka miliyan 1 ga wanda ya iya bambance wata wayar lasifika ta dala 7,250 da wata mai sauƙin kuɗi ta hanyar sauraro kaɗai. Kuɗin nan babu wanda ya karɓe su.

Hujja ta biyu ita ce ɗaki. Mai saye yana zaton lasifika yake ji, alhali rabin abin da ke isa kunnensa ya fara dukan bango da rufi da daɓe kafin ya iso. Ga lissafin da kowa zai iya yi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan tsawon ɗakinka mita 4 ne, raba 343 da ninkin tsawon, wato 8, za ka sami kusan 43. Ma'ana, amon da ke kaɗawa sau 43 a daƙiƙa zai riƙa kai da kawowa tsakanin bangayen biyu yana taruwa. Kusa da bango ya yi gunji, a tsakiyar ɗaki ya kusan ɓacewa. Bambancin da ke tsakanin kujera da kujera na iya wuce desibel 10, wanda ya fi bambancin da ke tsakanin nagartattun lasifikoki biyu nesa ba kusa ba. Babu kamfanin da zai iya sayar maka da mafita daga wannan a cikin akwati. Paul Klipsch ya gane haka tun 1946, ya ƙera Klipschorn don ta tsaya a kusurwa, bangon ɗakin ya zama sashen lasifikar. Yanzu ka dubi irin falon da ake yayi a Yamai ko Maraɗi ko Kano: bangon siminti, daɓen tayil, tagogin gilashi, teburin gilashi. Kowannensu madubi ne ga sauti. Wanda ya kafa lasifikar miliyoyi a irin wannan ɗaki amsa-kuwwa ya saya da tsada. Kafet mai kauri, labule mai nauyi, kantar littattafai, da janye lasifikar daga jikin bango sun fi ninka farashi tasiri, amma ba a tallarsu, domin ba su da ribar kirki.

Hujja ta uku ita ce kunnen kansa. Yaro mai lafiyar ji yana kama sauti daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa. Wannan iyaka ta sama tana saukowa da shekaru, har yawancin waɗanda suka haura 50 ba sa jin abin da ya wuce 15,000. To, su wa ke da kuɗin sayen waɗannan kaya? Galibi su ne waɗanda suka haura 50 ɗin. Ana sayar musu da ƙaramin farantin da aka yi da lu'ulu'un masana'anta, ana alfaharin yana kaiwa sama da 30,000, yankin da jemage ke ji, mutum ba ya ji. Sannan babbar lasifika tana da wani haɗari: da yake sautinta ba ya dagulewa idan an ƙure ta, kunne ba ya samun gargaɗin cewa ƙara ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar aminci ga babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Maƙwabcin da gunjin ke ratsa bangonsa da tsakar dare shi ma yana da haƙƙi, kuma amo mai kauri ne ya fi kowane ratsa bango.

Hujja ta huɗu ta shafe mu kai tsaye. Lasifika ba ta iya fitar da abin da ba a naɗa ba. Yawancin abin da ya rage mana na Mamman Shata da Narambaɗa da Ɗankwairo ya zo ne ta gidajen rediyo da kaset, an kwafa an sake kwafa, yau kuma an matse shi ana turawa ta WhatsApp. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi da ɗan ƙaramin ƙoƙo. Babu wani amo mai zurfi a cikinsa da ke jiran katafaren akwati. Abin da ke ɓoye a cikin waɗannan waƙoƙi yana cikin harshe. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, kari ne ya raba su: na farko sama-sama, ta biyu sama-ƙasa. Gari na mazauna da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Kalangu yana magana ne domin yana bin hawa da saukar karin harshe. Tsohuwar da ke jin abin da kalangu ke faɗa daga rediyo mai batir ta fi attajirin da ke jin tsabtar kiɗan amma bai san abin da aka ce ba.

Za a ce araha ba ta ado, kuma mutum da kuɗinsa. Gaskiya ne. Wanda ya sayi lasifika don kyan katakonta da gwanintar maƙeranta, kamar yadda ake sayen doki ko agogo, ya faɗi haka, babu mai ja da shi. Laifin yana farawa ne lokacin da aka ɗora wa ado rigar ilimi, aka sa matashi ya yarda cewa bai isa ya ce ya ji waƙa ba sai ya mallaki abin da albashin rayuwarsa ba zai saya ba. Wannan ƙarya tana ɓarna biyu: ta talauta mai hali kaɗan, ta kuma sa marar hali ya raina kunnensa.

Japanawa sun nuna wata hanya. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da faifan waƙa da kayan sauti suka fi ƙarfin aljihun ɗalibi, shagunan shan kofi da ake kira jazz kissa sun yawaita a Tokiyo da sauran birane. Mai shago ya kafa manyan lasifikoki ya tara faifai, mutum ya biya kuɗin kofi ɗaya ya zauna ya saurara, a wasu shagunan ma an hana hira. A can lasifikar tana aikin da aka ƙera ta dominsa, domin an ba ta abin da ya fi kowane sashenta tsada, wato natsuwar mai sauraro. Ka gwada wannan da falon da aka kafa tagwayen miliyoyi a gefen talabijin, ana hira, ana danna waya, ba a taɓa jin waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, idan wata rana hali ya samu kana son doguwar lasifika, ka saye ta da sharuɗɗa. Ka saurare ta da muryar da ka sani, ta mai karanta labarai ko mawaƙin da ka haddace, domin kunne ya fi gane aibi a muryar mutum. Ka daidaita ƙarfin sautin kafin ka gwada biyu, don wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita ake zaton ta fi kyau. Ka sa wani ya riƙa sauya maka su kana rufe da ido. Ka gyara ɗakin kafin ka ƙara kuɗi. Kafin wannan rana kuwa, ka ɗauki waƙa guda ta Shata, ka saurare ta sau goma da abin da ke hannunka, ka rubuta baitukanta, ka sa wa kowace gaɓa alamar karinta da tsawon wasalinta. A sauraro na goma za ka ji abubuwan da ba ka ji ba a na farko, alhali lasifikar ba ta sauya ba.