Gishirinmu ya riga mu zuwa Zugu

Ƴan uwa mata, ƴan asusu na Bengu da kewaye. Da fatan zubi na tafiya daidai, masu bashi kuma na biya a kan lokaci.

Yau zancen tafiya za mu yi. In aka ce zuwa ƙasar waje don ganin tsofaffin birane da ɗanɗana abincinsu, da yawa cikinmu dariya za su yi, su ce wannan ai sai Turawa da matan manya. To amma mu dubi inda Allah ya aje mu. Daga Gaya, in kin haye Kwara kina Malanbil, ƙasar Benin. In kin bi ɗaya hanyar kina Kamba, ƙasar Najeriya. Abin da wasu ke hawa jirgin sama su je nema, mu ga shi nan bayan ɗaki. Sai dai akwai cikinmu wadda ta je kasuwar Malanbil ya fi sau ɗari, amma daga tasha sai rumfar da take sari, daga rumfa sai tasha.

Mu fara da abin da ke namu. Tun kaka da kakanni ake kankaro ƙasa mai gishiri a kwarin Foga, a tace, a dafa ruwan har ya daskare. A 1853 wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin, ya tarar ana wannan aiki, ya rubuta a littafinsa. A zamanin ne fataken Gwanja ke fitowa daga Kano da Sakkwato, su biyo ta Jega, su haye Kwara a wannan yanki namu, su ratsa ƙasar Bargu su sauka Zugu, kafin su wuce Salaga ta ƙasar Gana ta yau sayen goro. Gishirin Foga na cikin kayan da ke shiga kasuwannin Bargu. Ke nan aikin hannun kakanninmu ya san waɗannan garuruwa tun tuni. Mu jikoki ne ba mu san su ba.

Zugu shi ne garin da ake rubuta wa Djougou a allon hanya. Daga Malanbil sai Kandi, kusan kilomita 100, sai Faraku, sama da kilomita 300 daga bakin kogi, daga nan a karkata yamma. Har yau akwai unguwar Wangara, inda ayari ke sauke kaya a da. Dendanci ake yi a kasuwa, Hausa ma ba ta ɓata mutum, kuɗin kuma sefa ce irin tamu, babu canji. Can za a kawo miki sakwara da miyar gyaɗa, a ciki ga wagashi, cukun Fulanin arewacin Benin. Da ruwan tumfafiya ake daskarar da madarar, a tace a ɗan kwando, sannan a tafasa shi da karan dafi ya yi ja a baya. Madara muna da ita wajen maƙwabtanmu Fulani, tumfafiya kuwa ga ta nan ko akuya ba ta damu da ita ba. Akwai kuma wasa-wasa, wanda ake turarawa kamar dambu daga garin doya. Doyar ana fere ta, a ɗan dafa ta sama-sama, a shanya ta bushe ƙarau, ta yi watanni a buhu kafin a niƙa. Duk wadda ta taɓa ganin dankalin Bengu ya cika kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi, saura ya ruɓe a tsibi, ta san dalilin da ya sa muke son ƴar asusu ta zauna kusa da mai wannan shanya ta ga yadda ake yi. Dankali ma yana yankuwa, yana bushewa, yana niƙuwa.

Ta ɓangaren Najeriya kuwa, ga Argungu, gidan sarautar Kabi, masu jan asali daga Muhammadu Kanta. Tsohuwar fadar garin an mai da ita gidan tarihi tun 1958, ana ganin makaman yaƙi da kayan su da na sarauta. Bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya. Ba kowace shekara ake bikin ba, amma kullum akwai masu bandar kifi da masu turara shinkafa. Mu ma muna da fadama, muna da shinkafa. Yadda suke jiƙa ta, da yadda suke shanya ta don kada ta kakkarye a inji, abin zuwa a gani ne.

In an ƙara gaba sai Sakkwato, wadda Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu yake, nan ma aka rufe ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara ƴan taru: matan ƙauyuka su haɗu ƙungiya, jaji na gaba da malfa a kai, su tako har wurinta da ɗan abin da suka tara na hatsi da zuma da mai, su ɗauki karatu, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida. To ashe mata su tara abin hannunsu, su tashi wasu su je su koyo, ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Mun san abin da za a ce a taro. Wata za ta ce: «Kuɗin da munka sha wuya munka tara, a kai su ga cin sakwara?» Tana da gaskiya in daga asusun bashi za a ɗiba, ko daga na taimako da ke jiran ranar ciwo da haihuwa. Waɗannan biyu kada a taɓa su ko da dala guda. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da ya riƙe tsarin shi ne kowane kuɗi da aikinsa. Shawararmu a buɗe jaka ta uku, a kira ta jakar tafiya. In mu 25 ne, kowa ta ƙara dala ashirin a mako, jika 2 da rabi ke nan. A mako 40 an tara jika 100. Ba zai kai mu duka ba, kuma ba a so ya kai. Mata biyu ko uku sun isa: mai iya lissafi, mai iya girki, da dattijuwa mai jin harsuna wadda maza za su natsu in sun ji da ita za a tafi. A zaɓe su a gaban kowa, da yardar mazajensu, bana waɗannan, baɗi wasu.

Sai mu faɗi gaskiyar hanya. A ƙarshen watan Yuli na 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, mutane suka koma ga kwalekwale, kuma kowa ta ga yadda ake loda su. Iyakar Najeriya an sake buɗe ta a watan Maris na 2024. A 29 ga Janairu na 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Saboda haka kada a dogara da yadda aka saba a da. Kafin a sa rana, a je wurin hukuma a Gaya a tambayi hanyar da ke buɗe da takardun da ake nema. Katin shaida da katin allurar shawara su kasance a jiki. Ba tafiyar dare, ba shiga jirgin da ya cika ya batse, ba bin ɓarauniyar hanya don gudun shinge. A san gidan da za a sauka tun daga gida. Masu zuwa Najeriya su yi canji kaɗan-kaɗan, don naira ba ta zama wuri guda. In an ce hanya ba lafiya, jakar tafiya ta jira, kuɗi ba su ruɓewa.

Waɗanda aka tura kuma su sani amana suka ɗauka. Su tafi da ɗan littafi da biro. Duk abin da suka ci su tambayi da me aka yi shi, nawa ake saye, nawa ake saidawa, kwana nawa yake yi bai lalace ba. Su sayi abincin tukuna kafin su yi tambaya, don mai sana'a ba ta buɗe baki ga wadda ta zo hannu rabbana. Su tafi da ƙunshin gishirin Foga a matsayin tsaraba, su ga ko har yanzu tsofaffin can na gane shi. In sun dawo, su kawo lissafin kowace dala, sannan su ɗora tukunya a gaban ƙungiya su yi abin da suka koyo, kowa ta ɗanɗana. In ya yi, sai wadda ke so ta ci bashi daga asusu ta fara. In bai yi ba, an sani, an huta da zato.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A taronku na wannan mako, bayan an ƙirga zubi an rufe akwati, ku ɗan tsaya ku yi wannan magana. Wane gari za ku fara, wane abinci kuke son ku koyo, su wa za ku tura? Ku aiko mana da abin da kuka yanke, mu buga shi a fitowa ta gaba don sauran ƙungiyoyi su gani.

Allah ya sa albarka a asusu, ya kai masu tafiya lafiya ya dawo da su lafiya.